Hannun Rigar Baba

Kun dame ni da saƙo wai in faɗi abin da ya faru saura kwana tara a ɗaura mini aure. To yau zan faɗa, ko da za ku ce ba ni da kunya. Daman an gaya mini haka tun 1977, kuma wadda ta gaya mini ta fi ku iya baki.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Mariyatu, 'yar Ƙofar Marke ce ni a Sakkwato, shekarata ashirin da ɗaya a lokacin. Ni ce 'yar farin Malam Tukur majemi. Ku yaran yanzu da ubanku ke ɗaukar ku hoto yana kiran ku da sunan gata, ba lallai ku gane ba. Tun da aka haife ni har lokacin Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon idona ba. In na shigo tsakar gida yana zaune, sai ya tuna akwai abin da ya bari a zaure. In dole ta kama, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya ma yarinyag ga ta kawo ruwa," alhali ina tsaye gabansa da kwanon ruwan a hannu. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce. Innata ma haka take, shi ya sa tun daga yaye aka miƙa ni ɗakin Gwaggo Balaraba, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta.

Wata rana ina ƙarama na yi kuka na ce ni dai ina son Baba ya kira sunana ko sau ɗaya. Gwaggo ta buge mini baki.

"Ke, tohe yawunki! Ranar da kij ji uba ya kira sunan ɗan farinai, wasiyya za shi bari."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Baba shi ne babba a cikin majema talatin da ke aiki a kamfanin fata na Alhaji Arzika, can kan hanyar Wamakko. Ƙaramin kamfani ne: rumfar kwano biyu, ramukan jiƙa fata, wurin shanya, ofis ɗaya da wayar tarho mai murɗawa. Warin wurin kuwa, in ka wuni a ciki, ko a kasuwa aka gamu da kai an san inda ka fito. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa na son ya yi abin zamani. Alhaji ya je Kaduna ya ga wata masana'anta da ɗakin shan magani, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Ya sayo takalman roba masu tsawo, safar hannu, gwangwanayen madara, da akwatin magani. Ni kuma na gama makarantar koyon aikin lafiya ke nan, sai aka ɗauke ni, aka ba ni wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya kusa da wurin alwala.

Na shiga da ɗoki, ina ganin wata ɗaya ya ishe ni in gyara kowa. Ash! Safar hannu suka rataye a ƙusa, wai majemi da yatsa yake jin fata, in ya sa roba makaho ne. Takalman suka kai gida suka adana sai damina, don gona. Madarar da aka ce su sha saboda ƙura, 'ya'yansu ke shanta a kunu. Takardar da na liƙa a bango mai hoton wanke hannu, wani ya ɓalle ta ya naɗe goro.

Sai na sa dokar layi: duk ranar Alhamis kowa ya zo tagata ya nuna mini hannuwansa, in duba yanka da ƙuraje. Alhamis ta farko mutum goma sha ɗaya suka zo. Baba bai zo ba. Ta yaya zai miƙa wa 'yar farinsa hannu? Alhamis ta biyu dattawa suka ce tunda Malam Tukur bai je ba, su ma ba yara ba ne. Ta uku na zauna ni da ƙudaje.

Ranar na yi kuka a ɗakin nan har idona ya kumbura. Ina share fuska aka kira azahar, na leƙa ta taga, sai ga su duka talatin a jere bakin kwata, kowa ya naɗe hannun riga har sama da gwiwar hannu, suna alwala. Hannuwan da nake roƙo a nuna mini, ga su a buɗe sau biyu kullum, azahar da la'asar, ba wanda ya tilasta su.

Na kira Baba Na'Allah, aminin Baba tun suna samari, mutum mai barkwanci da haƙora jajaye don goro. Na koya masa abin da ake nema: yanka mai ruwa, kumburi, da ƙurjin da ya fi kowanne haɗari, wanda ke farawa kamar cizon sauro, ya yi ƙaiƙayi, sannan tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, kuma ba ya zafi. Ciwon saifa ke nan na dabbobi, ana ɗaukarsa daga fatar dabbar da ta mutu da shi.

"Baba Na'Allah, ba sai sun zo wurina ba. Kowa ya dubi hannun na kusa da shi lokacin alwala. In an ga wani abu, a turo mini."

"Shi ke nan aikin?" ya ce. "Likita, ai mu da sa ido gado munka yi."

Wallahi abin ya kama. Na ajiye sabulu kusa da butoci, ba a sace ba, don wa zai saci sabulun alwala? Abin ya zama wasa a tsakaninsu: "Kawo hannu, tsoho, mu ga ko ka ruɓe." Ko ranar da ban zo aiki ba suna yi. Wata takwas ba wanda yanka ya kwantar. Baba ma yana cikin jerin, Na'Allah ke duba shi, ni kuma in sauke labulen tagata in ya zo, don kada ya ji nauyi.

A cikin wata takwas ɗin nan ne Lawali ya shigo rayuwata. Ɗan Alhaji Arzika ne, shi ne manaja, dogo, mai son farar shadda da agogon ƙarfe. A gaban mutane Malama yake ce mini, ni kuma in ce Manaja. Amma kusan kullum in na buɗe akwatin magani sai in tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin auduga. Ta farko na haddace ta har yau: "Malama, kaina na ciwo. An ce maganin na Ƙofar Marke. A taimaka." Kada ku yi mini dariya, a lokacin wannan ita ce waya. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, son da ke hana ni cin tuwo. Manya suka shiga magana, aka sa rana, wata Juma'a.

Ranar Laraba, saura kwana tara, ana tsakiyar bazara, zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa, Baba Na'Allah ya tsaya a tagata. Ba ya dariya.

"Likita, yau kwana ukku ubanki bai yi alwala cikinmu ba. Shina ɗaukar buta shi zagaya bayan rumfar shanya."

Na ce, "Ka tambaye shi?"

"Na tambaya. Ya ce mi ya dame ni. Kuma ki duba rigar da ke jikinai."

Na leƙa. Kowa na aiki da 'yar shara ko singileti, Baba kaɗai ke sanye da taguwa mai dogon hannu, ya ɗaure ta har wuyan hannu. Yana kankare gashin fata, amma da hagu yake danna wuƙar, hannun dama yana bin ta kawai.

Da na koma gida da la'asar, na tarar da ɗakin Gwaggo ba wurin sa ƙafa. An baje kayan ɗakina: kwanukan samira jere har sama, kwanukan langa masu fure, tasoshi, gado mai rumfa a kwance-kwance jikin bango, ga akwatin lefe a buɗe, atamfa da leshi da ashoke sai ƙamshin sabunta suke yi. Gwaggo na zaune a tsakiya tana daka wani abu a ƙaramin turmi. Na san warin. Bagaruwa ce, wadda ake jima da ita, wadda majema ke barbaɗa wa kowane irin rauni. A bayan ƙyaure kuma ga taguwar Baba ta jiya a jiƙe cikin kwano, hannun dama da tabon ruwa rawaya-rawaya.

"Gwaggo, wa ake daka wa bagaruwa?"

"Zo ki gwada leshin ga, tela na jira."

"Gwaggo, ƙurjin ya yi baƙi?"

Ta ajiye taɓarya. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta tsaya gabana har ina jin numfashinta.

"Ɗan ƙurji ne. Ya ce ko zahi ba ya yi."

Innalillahi. Da ta ce yana zafi da na ji sanyi. Na zauna a kan akwatin lefen.

"Shi ne mugun, Gwaggo. Allura yake so, a asibiti, yau ɗin nan. In kumburin ya hau, zazzaɓi ya shiga, ya shiga jini ke nan."

"Asibiti!" ta ce. "Ki kai shi asibiti, su tambayi inda yake aiki, su turo duba-gari. Kin manta abin da anka yi ma masu jima na bakin gulbi bara? Da soja sunka zo, sunka zuba ma fatu kananzir, sunka sa kwaɗo a ƙofa har yau. Ke za ki ja ma surukinki wannan, saura kwana tara? Alhaji Arzika shi ɗauke ki aiki, shi ba ki ɗanai, ki saka mai da soja?"

"Rai fa ake magana."

"Rai na hannun Allah! Ubanki shekara talatin shina jima, wane ƙurji ne bai gani ba? Ki bari a ɗaura, in an ɗaura ki kai shi har Ingila. Kuma da wane ido za ki dubi jikin ubanki, ke 'yar farinai? Boko ta cire muku kunya, wallahi ba ki da kunya, Mariyatu."

Inna na tsakar gida tana tankaɗe, na san ta ji komai. Ba ta ɗago ba. Ita ma ba ta iya yi mini magana, sai dai na ga tana ta kaɗa rariyar babu gari a ciki.

Kafin magariba Lawali ya zo zance kamar yadda ya saba, ya jingina Vespa ɗinsa a ƙofar gida. Na fito zaure da gyalen da na samu, ko kwalli ban sa ba. Yana murmushi yana miƙo mini ƙunshin tsire, ya ga fuskata, murmushin ya tafi. Na gaya masa komai. Ina magana ina kallon sa, sai na ga bai yi mamaki irin wanda ya kamata ba. Ya cire hula ya riƙa juya ta a hannu.

"Manaja, fatun da aka sauke makon jiya, busassun nan, daga ina suke?"

Ya ci gaba da juya hular.

"Daga ina?"

"Daga ƙetaren iyaka," ya ce a hankali. "Ni nis sawo su, ba Alhaji ba. Karo na farko ke nan da ya bar ni in yi ciniki ni kaɗai. Mai su ya rantse yankakku ne."

"Ka duba wuyansu?"

Ya kau da ido, kuma amsar ke nan. Duk ɗan majemi ya san fatar mushe ba ta da yankan wuƙa a wuya. Shi ɗan ofis ne, araha ya gani.

"Mariya, ki saurare ni. Ranar Assabar babbar mota za ta zo ta kwashe kayan da anka gama. In ta tahi, ni da kaina zan kawo wani malamin asibiti har gida, shi yi ma Baba allura, ba wanda za shi sani. Kwana ukku kawai."

"Sauran mutum ashirin da tara da suka taɓa fatun fa?"

"Kwana ukku," ya sake cewa. "In Alhaji ya ji ni nij jawo anka rufe mai kamfani, kin san shi. Ba ni ba ofis, kuma ba na jin za shi bari a ɗaura."

Yanzu ga inda zan tona kaina. Ban ce a'a ba. Ni da na yi karatun, ni da na san abin da kwana uku ke nufi, na sunkuyar da kai na ce, "To." Tsoro ne ya kama ni, tsoron rasa shi, tsoron bakin Gwaggo, tsoron a ce 'yar Tukur ce ta kawo soja. Na karɓi tsiren na shiga gida, na ba yara.

Da safe ranar Alhamis ina shara, Baba ya fito zai tafi aiki. Kamar kullum na juya baya don ya wuce. Sai na ji wani ƙara, kaf-kaf-kaf, ƙarami. Na saci kallo. Kwanon kokon da ke hannunsa ne ke bugun haƙoransa. Rana ta riga ta fito da zafinta, shi kuwa rawar sanyi yake yi. Ya ajiye kokon bai sha ba, ya nufi kekensa, ya kasa ɗaga ƙafa ya hau, sai ya tura shi da hagu ya fita.

Zazzaɓi ya shiga.

Ban san yadda na isa kamfani ba. Na buɗe akwatin magani: aidin, bandeji, almakashi, ƙwayar ciwon kai. Babu abin da zai taɓa wannan ciwon a ciki. Ƙarƙashin auduga ga takardar Lawali: "Na gode da kika fahimce ni. Saura kwana takwas ki zama tawa." Na karanta sau biyu, na mayar da ita ƙarƙashin audugar. Duk safiyar ina tsaye a taga. Ina ganin Baba bakin ramin jiƙa, yana aiki yana tsayawa, yana dafa ice. Duk tsayawar da ya yi sai in ce yanzu zai faɗi. In na rufe ido, makara nake gani ana fitarwa daga zaurenmu, ga kwanukan samira a jere ba wanda ya taɓa.

Aka kira azahar. Maza suka jeru bakin kwata suna naɗe hannu. Baba ya ɗauki butarsa ya juya zai zagaya baya.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na dai ga almakashi a hannuna, na ga ƙafafuna sun fita daga ɗaki sun shiga wurin alwalar maza, inda mace ba ta taɓa takawa ba. Hira ta tsaya cak. Na sha gaban Baba, na durƙusa a cikin laka, farar rigata ta aiki da komai.

"Baba, ina son in ga hannunka."

Wannan ce magana ta farko da na taɓa yi masa kai tsaye a rayuwata. Wani ya ce subhanallahi. Baba ya kawar da kai gefe, gumi na zuba daga gemunsa, ya dubi Na'Allah.

"Ka gaya ma yarinyag ga ta tashi."

"Ba zan tashi ba," na ce, ina kuka. "Ka tsine mini in ka so, amma a raye."

"Na'Allah, ka gaya mata wanga ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

Baba Na'Allah ya ajiye butarsa. Ya zo ya tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, ya miƙa hannuwansa biyu a buɗe.

"Tukur, bar batun ɗiya. Doka munka yi a wurin ga, mu da kanmu, kai kas sa mata albarka: kowa shi dubi hannun na kusa da shi. Shekara talatin ni ne na kusa da kai. Ga nawa, duba. In ka gama ka ba ni naka."

Baba bai motsa ba. Na juya ga sauran. Na ce duk wanda ya taɓa busassun fatun makon jiya ya dubi na kusa da shi da kyau, har wuya, har bayan kunne, a nemi ƙurji mai ƙaiƙayi ko mai baƙin tsakiya. Ba dariya yau, ba tsokana. Maza talatin suna juya hannun juna shiru, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a kwata.

"Ga shi nan," wani ya ce.

Mamman ne, mai 'ya'ya huɗu, wanda Baba ya koya wa jima da hannunsa. A gefen damtsensa ga ƙurji kamar ƙwayar wake, tsakiyar ta fara duhu.

"Tun shekaranjiya nig gan shi," in ji Mamman, yana kallon ƙasa. "Na so in hwaɗi. Sai nig ga Malam na zagayawa baya, nic ce ƙila abin ba na hwaɗi ba ne. Na riƙa tsayawa ƙarshen layi."

Na ga maganar ta shiga Baba fiye da duk kukan da na yi. Ya daɗe yana kallon damtsen Mamman. Sannan ya saki butar ta faɗi, ya kai hagu ya kama hannun rigarsa zai naɗe. Ta ƙi. Hannun ya kumbura ya cika rigar tam kamar an hura. Ya ja, ya sake ja, ya kasa. Sai ya miƙo hannun gaba, wajen da nake durƙushe, fuskarsa na kallon bango.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Na'Allah a hankali. "Yanka, Likita."

Na sa almakashi daga wuyan hannu. Yatsuna suka taɓa fatarsa, zafi kamar murfin tukunya. Ban taɓa taɓa ubana ba sai ranar. Na yanka har kafaɗa, rigar ta buɗe. Ƙurjin na tsakiyar hannu, baƙi ƙirin, faɗinsa ya kai sulai, an cika shi da garin bagaruwa, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun kewaye shi. Kumburin ya wuce gwiwar hannu, ya wuce damtse, ya kai hammata. Na san abin da littafi ya ce game da wannan, na yi fatan ban sani ba.

Da na ɗago, Lawali na tsaye a ƙofar ofis cikin farar shaddarsa. Ya ga komai. A bayansa wayar tarho ta fara ƙara, kuma mutum ɗaya ne ke bugowa a wannan lokacin kullum, Alhaji daga kantinsa na kasuwa.

"Manaja," na ce da ƙarfi, gaban kowa, "mota. Mutum biyu, babban asibiti. Kuma a rufe rumfar busassun fatu, kada wanda ya ƙara shiga."

Ya dube ni. Ya waiga ya dubi wayar. Tana ta ƙara, tana ta ƙara. Wallahi a tsakanin nan na ga aurena na tafiya, na ga Gwaggo na mayar da lefe. Sai ya shiga ofis, na ce shi ke nan waya zai ɗauka. Ya fito da makullin akori-kura a hannu, wayar na ci gaba da kuka a bayansa. Bai ko kalle ni ba, har yanzu da nake ba ku labari ban san abin da ke ransa a wannan minti ba.

Aka shimfiɗa tabarmar salla a bayan motar. Mamman ya shiga gaba. Baba ya ce zai hau da kansa, ƙafarsa ta ƙi, maza huɗu suka ɗaga shi. Na'Allah ya zauna ya ɗora kan Baba a cinyarsa, ni kuma na rakuɓe a gefe ina riƙe da kumburarren hannun don kada ya bugu. Muna fita na waiga, na ga sauran sun koma bakin kwata, ba wanda ya ce su yi, suna wanke hannu da sabulu har kafaɗa.

Hanyar Wamakko lokacin ana aikinta, rami ne da tsakuwa. Duk girgizar da motar ta yi sai Baba ya cije leɓe. Idanunsa a rufe, leɓensa ya bushe ya yi fari. Na'Allah na karanta masa addu'a a kunne. Mun kusa shiga gari na ji yatsun hannun da nake riƙe da shi sun motsa, sun kama nawa. Ya buɗe ido. Bai dubi Na'Allah ba, bai dubi sama ba. Ni ya duba, cikin ido.

"Mariyatu."

Jama'a, shekara ashirin da ɗaya ina jiran wannan kalmar. Na sha kwanciya ina raya yadda za ta fito daga bakinsa. Da ta zo, ba abin da na ji sai muryar Gwaggo da zafin bugun da ta yi mini a baki ina ƙarama.

"Mariyatu," ya sake cewa, "ki saurara, akwai maganar da..."

Ban amsa ba. Na kawar da kaina na dubi bangon motar, yadda ya yi mini duk tsawon rayuwata.

"Baba Na'Allah," na ce, hawaye na shiga bakina, "ka gaya masa ban ji ba. Ka gaya masa ya riƙe maganarsa sai mun dawo gida."

Sannan na miƙe a kan gwiwa, na dunƙule hannu na riƙa dukan rufin motar da duk ƙarfina, na manta da Manaja, na manta da kunya.

"Lawali! Taka motar nan, Lawali!"